Firigon gas ko na batir: yadda muka sauya firigon tsohuwar motar Kawu a Tawa

Kawu ya dawo daga Abalak da la'asar sakaliya, cikin watan Afrilun bara, ko gida bai shiga ba ya aiko yaro a kira ni. Na same shi tsaye a bakin motar, kwalaben allurar rigakafin dabbobi jere a kan tabarma. Ma'aunin zafin da yake ajiyewa a cikin firigon motar ya tsaya a digiri 19. Waɗannan allurai tsakanin digiri 2 da 8 ake son su zauna, shi kuwa da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin kiwon lafiyar dabbobi ya san abin da wannan lamba ke nufi. Ya ce ba zai soka wa dabbar talaka ruwan banza ya karɓi kuɗinsa ba. A ranar ya lalata su gaba ɗaya.

"Ɗana, kai ne mai aikin wuta," in ji shi. "Duba mini abin nan. In gyara ne a gyara, in kuma ya mutu ka gaya mini gaskiya."

Sana'ata haɗa sola ce a gidaje da shaguna, ban taɓa buɗe bayan irin wannan firigo ba sai ranar. Aikin ya ci mana kusan wata biyu. Na ga ya dace in rubuta shi daki-daki, domin irin waɗannan motoci ba su ƙare a ƙasar nan ba, kuma kuskuren da muka kusa yi, da wanda na yi, kowa yana iya faɗawa cikinsa.

Motar da firigonta

Peugeot J5 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1981, ƴar'uwar Citroën C25 da Fiat Ducato. Kowa ya san J5 a kan hanyoyinmu ɗauke da buhunan albasa, amma wannan an gina mata ɗaki a baya: gado, murhun gas, wurin wanke kwano, ƴan akwatuna da firigo. Faransawa kampin-kar suke ce mata. Tana daga cikin motocin da Turawa ke ƙetaro Sahara da su a da, ta Tamanraset da Asamaka da Arlit zuwa Agadas, su sayar su hau jirgi su koma. Ta bi hannu da yawa kafin Kawu ya saye ta bayan ya yi ritaya. Da ita yake bin kasuwanni da mashekaran makiyaya, Tabalak, Abalak, Badagishiri, yana sayar da maganin dabbobi yana yin allura. Yakan yi kwana uku ko huɗu bai ga wutar lantarki ba.

Firigon Electrolux ne, mai cin hanya uku: gas, wutar gida, ko batirin mota. Ba shi da kwamfuresa, ba wani abu mai juyawa a jikinsa. Da wuta yake yin sanyi. A bayansa akwai bututun ƙarfe rufaffe, cikinsa amoniya da ruwa da iskar haidurojin. Ɗan harshen wuta, bai fi na fitilar ƙwai ba, yana dafa haɗin daga ƙasa. Amoniya ta tashi tururi, ta hau sama ta huce ta koma ruwa, ta gangaro cikin firigon ta tarar da haidurojin ta sake ƙafewa. Wannan ƙafewar ce ke janye zafi, kamar yadda gumin randa ke sanyaya ruwan cikinta. Daga nan ruwan ya sake shanye amoniyar, su koma tukunyar da ake dafa haɗin, a sake zagaye. Wasu ɗalibai biyu ƴan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro dabarar a 1922, kamfanin Electrolux ya saye ta a 1925.

Kawu ya san wannan iri tun kafin a haife ni. Firigon kananzir da ake ajiye allurai a ƙananan asibitoci da ofisoshin kiwo na karkara duk wannan dabara ce. Ya sha gyara musu lagwani da share musu hayaƙi. Shi ya sa tun daga farko zuciyarsa tana wajen gyara. "Da tsohuwar zuma ake magani," haka ya riƙa ce mini.

Binciken

Mun fara da abin da ba ya cin kuɗi. Na cire ragar da ke jikin motar daga waje, sai ga gidan zanzaro har biyu a cikin bututun hayaƙi, ga ƙura ta toshe ɗan ramin da gas ke fitowa. Wutar ja ce mai lilo, tana baƙanta ƙarfe, alhali shuɗiya ake so, tsayayyiya. Muka share bututun, muka wanke bakin gas ɗin da barasar asibiti muka busa shi. Ba a soka masa allura ko waya, ramin zai faɗaɗa wutar ta yi yawa. Na duba kan tukunyar gas ma, domin tsofaffin motocin Faransa a kan matsin milibar 28 aka tsara su idan gas ɗin butan ne. Lafiyarsa lau. Wuta ta dawo shuɗiya, Kawu ya ce an gama.

Ba a gama ba. Muka kai motar wuri mai daidai, na tabbatar da ma'aunin ruwa na magina, muka bar firigon a kunne kwana ɗaya da gas, kwana ɗaya da wutar gida. Duka biyun sakamako ɗaya: tukunyar dafa haɗin ta yi zafin da ba a iya taɓawa, amma bututan da ke naɗe a ƙasa, waɗanda ya kamata su yi ɗumi, sanyi ƙalau. Wato haɗin ba ya zagayawa yadda ya kamata. Babu warin amoniya, babu kuma garin nan rawaya da ke fitowa idan bututun ya huje. Wanda ya ga wannan gari ko ya ji warin, kada ya ƙara kunna wuta kusa. Namu ba yoyo yake ba, toshewa ya yi.

Dalilin kuwa a ƙofar gidan Kawu yake. An yi wa wurin gangare don ruwan damina ya wuce, kuma nan yake ajiye motar, ya jona firigon da wutar gida ya bar shi kwana da kwanaki. Wannan firigo ba shi da famfo, nauyin ruwan ne kaɗai ke gangaro da shi. Idan motar na tafiya, girgiza na taimakonsa. Idan tana tsaye a karkace fiye da digiri uku ko makamancin haka, ruwan sai ya taru a inda bai dace ba, tukunyar ta yi ƙaranci ta ƙone. Akwai wani sinadari mai hana tsatsa da ake narkawa a cikin ruwan, shi ne rawayan garin. Zafin da ya wuce kima yana daskarar da shi ya zama tsakuwa a cikin siririn bututun tukunyar, kuma ba ya sake narkewa. Kowace ranar da motar ta kwana a gangaren, ramin yana ƙara tsukewa. Shekaru aka yi ana haka.

Wani mai gyaran firigo da Kawu ya kira ya ce a kawo masa ya ƙara gas. Na hana, kuma har yau ina ganin wannan shi ne abu mafi amfani da na yi a aikin. Ba irin firigon gida ba ne da ake ɗura wa gas ta ɗan bututun jan ƙarfe. Ƙarfe ne da aka like da walda, matsin cikinsa ya ninka na tayar mota sau da yawa, amoniya tana ƙona ido da huhu, haidurojin kuma tana kama wuta. Mun gwada dabarar da tsofaffin ma'aikata suka sani, a ciro shi a kife shi kai ƙasa ya kwana, a mirgina, a tsayar. Ya ɗan farfaɗo na kwana biyu, ya koma gidan jiya.

Ko da sabo ne

A nan muka fi daɗewa muna gardama. Kawu ya ce a nemo wani irinsa, sabo ko na hannu, tun da ramin da firigon ke zama nasa ne, bututun gas na nan, ba sai an taɓa komai ba. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ƙaramin firigon gas bai fi cin giram 250 zuwa 300 a kwana ba, tukunya mai kilo 6 za ta kai shi kusan mako uku. Ba ya ƙara ko kaɗan. Ba ruwansa da hadari ko ƙura. Mutumin da ke kwana a daji yana da dalilin son abin da bai dogara da batir ba.

Sai na nuna masa ƴar takardar ƙarfen da ke cikin firigon, inda aka buga harafin N. Kowane firigo akwai ajin yanayin da aka ƙera shi dominsa. N yana nufin har digiri 32 na zafin waje, ST har 38, T har 43. A Tawa, cikin Afrilu da Mayu, rana takan wuce 40 a inuwa. Bayan firigon kuwa ba inuwa ba ce, wani ɗan lungu ne tsakanin bangon motar da rana ke duka da kuma wutar da ke ci a ƙasa. Irin wannan firigo, yana da cikakkiyar lafiya, abin da yake iya ragewa daga zafin da ke kewaye da shi bai cika wuce digiri 25 zuwa 30 ba. A Faransa, inda bazararsu take 25 ko 28, wannan ya isa har da ƙanƙara. A Adar, yankinmu na Tawa, idan lungun ya kai 45, lissafin ya fito 15 zuwa 20. Ruwan sha zai yi daɗi. Allura ta mutu.

Na tambaye shi, "Kawu, a shekarun baya, da bazara, yana kaiwa 8?"

Ya yi shiru, sannan ya ce da dare yana kaiwa. Da rana yakan lulluɓe kwalaben da ƙanƙarar da ya saya a gari. Ashe ƙanƙarar ce ke rufa wa firigon asiri. Firigon kananzir ɗin da ya sani a wurin aiki suna cikin ɗakin ƙasa mai kauri, iska na zagaya su ta ko'ina, jikinsu ya fi kauri, kuma ko su ɗin yau na sola sun maye gurbin da yawansu.

Shi kuma amfani da shi ta batir ba abin magana ba ne. Ta wannan hanya ƙarfen dumama yake kunnawa, mai jan amfa takwas zuwa goma ba tsayawa. Don lokacin tafiya kawai aka yi shi, inji na juyawa.

Firigon gida, da akwatin da ba firigo ba

Ra'ayina na farko shi ne ƙaramin firigon gida, a haɗa shi da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta gida. Ga su nan a kasuwa, da araha, kowane mai gyara ya san cikinsu. Na haɗa wa masu shaguna irin wannan ba adadi. Da na zauna da biro da takarda sai na janye. Inbata ko ba ta aikin komai tana cin wuta, ƙarama ma takan ja fiye da rabin amfa, dare da rana. Kafin firigon ya motsa, an riga an zubar da amfa-awa (ma'aunin wutar da batir ke ɗauka) goma sha biyar zuwa ashirin a kwana. A wajen juyawar ma wani kaso yana tafiya a zafi. Kwamfuresan gida idan zai tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci sau da yawa, dole a sayi inbata babba kuma mai tsabtar wuta. Sannan ƙofarsa maganaɗisu kawai ke riƙe ta, bututansa kuma ba a yi su don gargadar hanyar Abalak ba. A shago da farantin sola shida a kan rufi, wannan hanya daidai ce. A kan rufin J5 faranti biyu ne ke samun wuri.

Akwai kuma ƴan akwatunan roba da ake sayarwa da sunan firigon mota, masu jonawa a wurin kunna sigari. Wani ɗan Kawu har ya sayo ɗaya daga Yamai. Babu kwamfuresa a cikinsu, ɗan faifai ne da fanka. Abin da suke ragewa bai wuce digiri 15 zuwa 20 ba, kuma suna jan amfa huɗu ko biyar ba hutu. Sun fi tsohon firigon rauni, sun fi sabon cin wuta. Araha ba ta ado.

Abin da ya rage shi ne firigo mai kwamfuresa da aka ƙera don wutar bolt 12 kai tsaye, irin na jiragen ruwa da manyan motoci. Mafi shahara a cikinsu kwamfuresan Danfoss ne mai lamba BD35F, wanda yanzu ake bugawa da sunan Secop. Yana jure karkata har digiri 30, ba ruwansa da gangaren ƙofar gida, kuma yana kashe kansa idan batir ya yi ƙasa.

Lissafin wuta

Na gaya wa Kawu tun kafin a kashe ko dala: idan muka bi wannan hanya, firigon ne ƙaramin sayayya. Babbar sayayyar wuta ce.

Irin wannan kwamfuresa yana jan kamar amfa huɗu idan yana juyawa. Da sanyin hunturu yakan yi aiki kaɗan ya huta da yawa, amma ni da bazara na yi lissafi, na ɗauka zai juya kashi biyu cikin uku na yini. Amfa 4 sau awa 16, ya ba da amfa-awa 64, wato kusan wat-awa 770 a kwana. Daga lokacin da rana ta yi sanyi zuwa hantsi, kamar awa goma sha huɗu, batir ne kaɗai ke ɗauke da shi, kuma wannan zai ci amfa-awa talatin ko fiye. Batirin darma ba a shan fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, don haka mai lamba 100 hamsin kawai yake da ita ta amfani. Guda ɗaya zai kai safiya da ƙyar, amma ranar da ƙura ta rufe rana zai kasa. Muka tsaya a kan biyu. Na so a ce na litiyam ne, ya fi jure sha da cika, sai dai kuɗinsa da na na'urar da ke shiga tsakaninsa da janaretan motar sun fi ƙarfin aljihun.

Faranti biyu masu wat 150 muka ɗora. Lambar da ke jikin faranti a digiri 25 aka auna ta, kowane digiri ɗaya a sama yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari, faranti kuwa a kwance a kan rufin mota cikin Mayu yana haura 60. Ga ƙura. Saboda haka kashi saba'in kawai na ƙirga: wat 300 sau awa biyar da rabi na cikakkiyar rana, a cire kashi talatin, ya rage wat-awa 1,150 da ɗoriya. Ya rufe firigon, ya bar na fitila da cajin waya. Muka sa kuma na'urar da ke barin injin motar ya cika batiran ɗaki idan ana tafiya, ta raba su da batirin tayar da mota idan an tsaya. Mutum a dajin Abalak bai kamata ya wayi gari firigo ya shanye masa batirin tashi ba.

Da aka tara kuɗin duka, kusan kashi biyu cikin uku a faranti da batir da wayoyi suka tafi.

Nemowa

Kafin in hau bas zuwa Yamai, tafiyar kilomita kusan 550 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, na auna ramin ta kowace fuska, na kuma auna ƙofar shiga ɗakin motar. Ƙofar nan ita ce ta yanke hukunci. Masu kayan sola a Yamai suna da firigo na bolt 12 masu buɗewa ta sama, kuma don ajiye allura su suka fi, tun da sanyi ba ya zubewa idan an buɗe. Amma duk waɗanda na gani manya ne, ba za su shiga ƙofar ba sai an yanka bango. Ramin ma yana da tudu a ƙasansa ta baya, inda tayar motar ke ƙarƙashi, abin da ya rage zurfinsa.

Na yi kwana uku ina zagaye, har kasuwar Katako. A ƙarshe wurin wani mai kayan hannu na Turai na sami mai ƙofar gaba, lita sittin da wani abu, kwamfuresan Danfoss, takardarsa da harafin T. Ban biya ba sai da na ari batir muka kunna shi a wurin awa guda, ma'aunin zafina a ciki, na ga yana sauka kuma kwamfuresan ya tsaya da kansa ya sake tashi. Na duba robar ƙofar da takarda, na maƙale ta na ja ta kowane gefe. A bas a kwance aka ɗaure shi duk da roƙona, don haka da ya iso muka tsayar da shi ya kwana kafin a ba shi wuta, man kwamfuresan ya koma mazauninsa.

Sanyawa

Fitar da tsohon sai da aka cire masa ƙofa. Bututun gas ɗinsa muka toshe da murfin tagulla mai zare, ba lanƙwasawa da dukan guduma ba, muka shafa kumfar sabulu muka tabbatar ba ya huci. Murhu yana kan wannan layi, kuma mutum a cikin ɗakin yake kwana.

Ramukan iska biyu da ke bangon motar, na ƙasa da na sama, a Turai wasu rufe su suke yi idan sun koma firigon kwamfuresa, saboda sanyi. Mu barin su muka yi. Firigo ba ya kashe zafi, kwashe shi yake daga ciki ya zubar a baya, idan bayan ya cika kuwa ba inda zai zuba. Na sa ragar sauro ta ƙarfe saboda zanzaro, na ɗaura ƴar fankar kwamfuta a ramin sama tana fitar da iska, da makunnin da ke tayar da ita idan lungun ya yi zafi. Kafinta ya yi allon da ke tilasta wa iskar bi ta jikin bututan maimakon ta zagaye su. Sabon ya fi tsohon ƙanƙanta kaɗan, sai muka cike gefe da gefe da sama da farin soson nan mai hana zafi, muka bar bayan a buɗe. Aka ɗaure shi da kusoshi huɗu, aka ƙara wa ƙofar sakata.

Kuskurena a waya yake. Tsohuwar wayar bolt 12 da ke ramin ba ta da amfani, domin daga injin take zuwa kuma sai yana juyawa take kawo wuta. Na ja sabuwa daga batiran, tsawon kamar mita biyar. Takardar masu kwamfuresan ta ce a wannan nisa waya mai milimita murabba'i 6 ake so, da fiyus na amfa 15 kusa da batir. Na sayi wadda aka rubuta wa 6 a kasuwa ban fere ta na duba ba. Kwana biyu komai lafiya. A na uku Kawu ya kira ni bayan sallar asuba, ya ce abin yana ƙoƙarin tashi yana fasawa, ma'aunin zafi ya hau digiri 11. Na auna batir, yana sama da bolt 12. Na auna a bakin firigon daidai lokacin da zai tashi, sai na ga wutar ta faɗi ƙasa da 10.4, inda kwamfuresan ke kashe kansa don kare batir. Da na kankare wayar da wuƙa, fari ya fito: alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kuma cikinta bai kai kaurin da aka rubuta ba. Gidan fiyus ɗin ma bai kama da kyau ba, har ya yi ɗumi. Da rana faranti na ɗaga wutar, laifin ya ɓuya, sai da asuba yake fitowa. Allah ya sa ruwa ne kawai a ciki, don na roƙi Kawu kada ya sa allura sai an yi mako ana gwaji. Na sauya wayar da ta jan ƙarfe zalla daga aljihuna.

Yadda yake aiki yanzu

Na faɗa masa, kuma ina nan a kan bakana, cewa wannan ba firigon ajiyar allura ba ne irin na asibiti. Babban kaya ya zauna a ma'ajiyar gari, na kwana uku ko huɗu kawai zai riƙa ɗauka. Sabon firigon yana da haɗarin da tsohon ba shi da shi: yana iya daskarar da abu. Wasu allurai, musamman masu ruwa-ruwa, ƙanƙara na lalata su kamar yadda zafi ke yi, kuma ido ba ya ganewa. Saboda haka kwalaben suna cikin kwando a tsakiya, nesa da farantin sanyi na sama. Ƙasa da jikin ƙofa mun jera gorunan ruwa, su riƙe sanyi idan an buɗe ko wuta ta yanke. Ma'aunin da ke ciki mai tuna mafi sama da mafi ƙasa ne, Kawu yana rubuta su safe da yamma a littafi, aikin da ya saba tun yana ma'aikaci.

Ya kuma sauya yadda yake tsayar da mota. Faranti na son rana, firigo na son inuwa, don haka ba ya shiga ƙarƙashin itace da rana, sai dai ya juya gefen firigon ya kalli gabas, ranar la'asar ta daki ɗaya gefen, ya kuma rataya tabarma a bangon ba tare da ta rufe ramukan ba. Kowace safiya yaronsa na hawa ya goge faranti.

Fitarsa ta farko a ƙarshen Mayu ce, kwana huɗu tsakanin Tabalak da Abalak. Littafin ya nuna tsakanin 4 da 7 duk tafiyar. A farkon damina an yi wuni biyu a jere ƙura da hadari sun rufe rana yana daji, batiran suka yi ƙasa, ya tayar da injin ya bar shi yana juyawa kusan awa guda. Da tsohon firigon ne ba zai ƙona wannan man ba, kuma ya tuna mini. Yana kuma ƙorafin gurnanin kwamfuresan da dare, tun da kan gadon bai fi taku ɗaya daga wurin ba. Na sa roba a ƙarƙashin ƙafafunsa, ya ragu, bai ɓace ba. Batiran ma ba za su yi tsawon ran da ake faɗa ba, domin zafi na cin batirin darma, kowane ƙarin digiri goma a kan 25 yana iya raba kwanansa biyu. Na ce masa ya fara ware wani abu daga kowace kasuwa tun yanzu.

Tsohon firigon kuwa, yaran da ke sayen tsohon ƙarfe sun zo har sau biyu suna tayawa. Kawu ya hana, don ya san da guduma da zarto za su fasa shi, amoniyar na nan a matse a ciki. Yana cikin shagonsa na gida, bututansa ba a taɓa ba, an cire masa bakin gas, yana ajiye maganin tsutsa da sirinji a ciki saboda ƙura da ɓera.